Herbert Brewer, Makaɗin Ogan na Gloucester da Yaransa

Ku dubi wannan ƙaton kayan kiɗa da ke cikin babbar majami'ar Gloucester a yammacin Ingila. Ogan ke nan. Bututu ne jere-jere, iska ke ratsa su kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura wuta. Hannuwan makaɗi na kan maɓallai, ƙafafunsa kuma na taka wasu dogayen katakai a ƙasa, su ne ke fitar da amon nan mai kauri da ke girgiza ƙirji.

A kan wannan kujera Herbert Brewer ya zauna fiye da shekara talatin. Ɗan garin ne, an haife shi a 1865, yana yaro ma a majami'ar yake waƙa. Ya je Oxford karatu, ya kaɗa ogan a Coventry, ya koyar da kiɗa a makarantar Tonbridge, sannan ya dawo gida.

To amma ba don kiɗansa aka fi tunawa da shi ba, don yaransa ne. A wancan zamani, yaro mai son sana'ar akan miƙa shi ga ubangida da yarjejeniya a rubuce. Yana zaune gefen maigida, yana juya masa takardar kiɗa, in maigida ba ya nan shi zai kaɗa ogan a lokacin ibada. Haka Ivor Gurney da Herbert Howells da Ivor Novello suka tashi a hannunsa. Uku a gida ɗaya fa!

A watan Satumba na 1910, bikin mawaƙan majami'u uku, wato Gloucester da Worcester da Hereford, ya faɗo a Gloucester, Brewer ne mai masauki. A nan Ralph Vaughan Williams ya fara gabatar da wani sabon kiɗansa na goge zalla. Howells da Gurney na cikin masu sauraro. Da aka tashi barci ya ƙaurace musu, suka kwana suna zagaya titunan gari suna maganar abin da suka ji.

Gurney ya tafi yaƙin duniya na farko, ya dawo da taɓin hankali, ya rasu a asibiti a 1937. Novello ya yi suna a dandalin wasan kwaikwayo na Landan. Howells kuwa ya bi sawun maigida wajen koyarwa, ya kusa shekara sittin yana koyarwa a Kwalejin Kiɗa ta Sarauta.

Shi Brewer an ba shi sarautar Sir a 1926. Bayan shekara biyu ya rasu, yana kan aikinsa.