Amsoshin Tambayoyinku: Ya Fara Rarrafe, Canjin Famfas Ya Koma Kokawa

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kaduna. Yau ma muna tare da Mamanmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma. Mama, barka da zuwa, ya gida?

MAMA: Lafiya lau 'yar nan, barka kadai. Na ga takardun yau da ɗan auki.

MAI GABATARWA: Ƙwarai kuwa, kuma yawancinsu kuka ɗaya suke yi. Ga ta wata 'yar'uwa daga Rigasa. Ta ce: "Haihuwar fari ce, watansa takwas. Tun da ya fara rarrafe, canza masa famfas ya zame mini kokawa. Ina kwantar da shi sai ya wuntsila ya kife, kafin in ɗauko sabo ya yi gaba tsirara. Shekaranjiya har zanen gado ya ɓata mini da kashi. Uwar mijina ta ce taurin kai ya soma, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ɗan make shi a cinya, ya yi kuka, ni ma na yi. Yaya zan yi?"

MAMA: Allah sarki. To ki share hawaye, yaronki lafiyarsa ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta fitar da sakamako a 2006: yara kan fara rarrafe tsakanin wata biyar da wata goma sha uku da rabi, kusan huɗu cikin ɗari ma ba sa yi sam, sai dai a ga sun miƙe. Naki yana tsakiya. Jiya-jiyan nan ya gano zai iya kai kansa bakin ƙofa ba tare da an ɗauke shi ba, sai kuma ki ce ya kwanta rigingine ya zuba wa silin ido? Ai da wuya.

Hajiya uwar mijinki tana da gaskiyarta, amma lokacin karin maganar nan bai yi ba. Ɗan wata takwas ba ya haɗa dukan da juyin da ya yi. Abin da zai riƙe kawai, duk sa'ad da aka kwantar da shi zafi na biyowa. Gobe tun kafin ki taɓa shi zai sandare yana tsala ihu.

MAI GABATARWA: To Mama, in ba a make shi ba, ta ina za a ɓullo?

MAMA: Ki sauko daga gado. Wannan shi ne na farko, kuma in shi kaɗai kika riƙe a filin yau ya isa. Ki shimfiɗa tabarma a ƙasa, ki ɗora leda, ki rufa tsohon zane a kai. In ya zille a nan, iyakarta ki jawo shi.

Sai shiri. Yawancinmu yaron muke fara kamawa, mu kwance famfas, sannan mu hau kiran "wa ke kusa ya miƙo mini buta?" Ki juya abin. Buta da ruwa mai ɗan ɗumi, auduga ko tsumma mai laushi, sabon famfas a buɗe an ware fikafikansa, man shafawa an cire murfi, ledar zuba tsohon, duk su zauna gefen hannunki na dama. Shi kuwa gogan yana can yana wasansa, shi ne na ƙarshen ɗaukowa.

Ki zauna ki kwantar da shi a gabanki. Ki lura da kyau, daga ƙugu yaro yake fara juyi: zai ɗaga ƙafa ɗaya ya haye ɗayar, kafaɗa ta biyo baya. Saboda haka tafin hannunki na hagu ya zauna a kan ƙugunsa, a hankali, ban da danne ƙirji ko ciki. Ki cusa sabon famfas a ƙarƙashinsa tun kafin ki ɓalle tsohon, kina zare wancan wannan na jira. Kar ki ɗaga shi sama da ƙafafu kamar za a rataye shi. Ki ɗan karkata shi gefe ki goge. In mace ce, daga gaba zuwa baya, kullum.

Hannunsa kuma ki ba shi aiki. Ki ware abu ɗaya da ba ya gani sai a wannan lokacin, ludayin roba ne, murfin kwano ne, in ya gundure shi ki sauya. Ban da leda, ban da kwalbar hoda, ban da duk abin da zai shige baki gaba ɗaya. Ki sunkuyo da fuskarki, ki yi masa waƙa, ki hura masa ciki. Muryarki ta fi kowane abin wasa riƙe shi.

In kashi ne mai yawa kuwa, ni ban ga dalilin ɓata lokaci a tabarma ba. Ki ɗora cikinsa a kan hannunki, ki kai shi bakin baho ki yi masa tsarki da buta yadda muka gada, ki tsane shi da tawul ba tare da dirzawa ba.

MAI GABATARWA: Ga wani magidanci daga Kawo, ya ce maiɗakinsa malamar makaranta ce, in ta fita da sassafe shi ke shirya 'yarsu mai wata goma.

MAMA: Madalla da shi, Allah ya ƙara mana irinsu.

MAI GABATARWA: Ya ce ya juya zai ɗauko riga, yarinyar ta faɗo daga gado. Ta yi kuka ta yi shiru, ta ci gaba da wasa. Yana tambaya ko akwai damuwa, sannan ko famfas mai kama da wando ya fi.

MAMA: Malam, ka sa mata ido kwana ɗaya zuwa biyu. In ta yi ta amai, ko barci ya yi mata nauyi ana tashinta da ƙyar, ko ta yi jijjiga, ko ta ƙi nono, ko wani wuri a kanta ya kumbura ya yi laushi, ko ta daina motsa hannu ko ƙafa ɗaya, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti mafi kusa. Daga yau kuma a ƙasa za a riƙa shirya ta.

Na wandon yana da daɗi ga yaron da ya fara tsayuwa da dafe-dafe. Ka tsayar da ita ta dafa gwiwarka ko kujera, ka zura ƙafa ɗaya, ka zura ɗayar, ka ja sama. Wajen cirewa, yaga gefunan ake yi, ba a zamewa ta ƙafa. Sai dai ya fi tsada, don haka wasu kan ajiye shi don unguwa ko zuwa awo. Na maƙalawar ma ana iya ɗaura shi a tsaye in hannu ya saba. Ko wanne ne, yatsu biyu su iya shiga tsakanin ƙugu da famfas.

MAI GABATARWA: Wannan daga Tudun Wada take. Ta ce saboda wahalar canjin da tsadar famfas, takan bar wa yaron guda ɗaya tun safe har la'asar. Yanzu wurin ya yi jawur ya fara saɓulewa, maƙwabciya ta ba ta wani mai da ta ce yana kashe kowane irin ƙurji.

MAMA: Tsadar ba ƙarya ba ce, duk mai shiga Kasuwar Gumi ya sani. Amma fitsari da kashi in suka daɗe a fata, ga zafin Maris da Afrilu na garin nan, ga gogayyar rarrafe, dole ta ci wuta. A watannin rarrafen nan ne kuma yaro ya fara kunu da ɗan abinci, kashinsa ya sauya. Kashi dai ba ya jira, da ya yi a cire. Na fitsari kada ya wuce awa uku zuwa huɗu da rana.

In kuɗin bai kai ba, da rana ki koma nafkin na yadi, ki wanke, ki ɗauraye sosai sabulu ya fita, rana ta busar. Famfas ya zama na dare da na fita. Ki kuma riƙa barinsa haka nan ba komai na ɗan lokaci, iska ta sha wurin. Bayan tsarki ki shafa basilin, ko man kaɗanya mai tsabta, ko man ƙurajen jarirai mai sinadarin zink. Hoda kuwa ki ajiye ta, yaro na mutsu-mutsu yana shaƙar ƙurarta.

Man maƙwabciya, ki mayar mata da godiya. Da yawa daga mayukan nan da ake cewa suna maganin komai suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. A ƙarƙashin famfas fata ta fi shan sa, sai ta yi siriri ta yi haske. In an kwana uku ba sauƙi, ko jan ya shiga cikin matsematsi da ƙananan ɗigo a gefe, ko ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya biyo, ki kai shi asibiti. Asibitin Yusuf Ɗantsoho na nan kusa da ke.

MAI GABATARWA: Mama, wannan kam takwararki ce, wata kaka daga Unguwar Shanu, jikarta ta rubuta mata. Ta ce a zamaninsu yaro na iya zama ake ɗora shi a ƙafa ya yi kashi, babu wannan kokawar.

MAMA: Ai ba ta faɗi ƙarya ba! Uwa ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗan ware su, ta zaunar da yaro a tsakani yana fuskantarta, ta riƙe hannayensa. Yanzu fo ya sauƙaƙa abin. A gwada da ya tashi barci da kuma bayan ya ƙoshi, lokacin da cikinsa ya fi motsi, minti biyu ko uku. In ya yi, an tsira da famfas ɗaya. In ya banƙare, a sauke shi. Abin da zan ƙara wa Yaya shi ne, a watannin nan uwa ce ke gane lokacin, ba yaron ke riƙewa ba. Riƙon gaske sai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wasu ma fiye. Kada a yi masa faɗa don ya jiƙa zane.

MAI GABATARWA: Saura minti ɗaya. Wata daga Badarawa ta ce yaronta na zawo, an ce haƙori ne.

MAMA: Watannin haƙori su ne watannin rarrafe, komai ya tsinta a ƙasa sai baki, shi ya sa ake ɗora wa haƙori laifi. Ki ci gaba da ba shi nono, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. In akwai jini, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, asibiti. Kashin yaro kuma yana da cuta kamar na babba: a juye shi a masai, a naɗe famfas a ƙulle a leda, a ajiye inda mai rarrafe ba zai kai ba. Don Allah a daina jefawa a kwata, damina na zuwa. Hannunki da nasa, sabulu da ruwa.

MAI GABATARWA: Mun gode Mama. Masu 'yan wata tara, a tuna allurar ƙyanda da ta shawara. Takardun da suka shafi yaye sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.