Amsoshin Tambayoyinku: Cocin itace na ƙauyen Greensted

Jama'a barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ba ya jiran kowa, toh bari mu shiga kai tsaye.

Wani mai sauraro daga Maraɗi yana tambaya, wai tsofaffin coci-cocin ƙauyukan Ingila ina suke fuskanta? Galibinsu gabas malam, ɓangaren da limaminsu ke tsayawa shi ne ta gabas. Mu wuce.

Sai tambayar da ta fi yawa, daga Kano, Kumasi, Damagaram har da Garwa, duk a kan cocin itacen nan da muka ambata makon jiya. Wai da gaske ne akwai ginin itace da ya haura shekara 900 yana tsaye, kuma yaya aka yi gara ba ta cinye shi ba? Wani bawan Allah daga Gusau ma cewa ya yi shara muka yi kawai. Haba malam, ai sai ka bari a yi maka bayani tukuna!

Gaskiya ne. Cocin yana ƙauyen Greensted a yankin Essex, arewa maso gabas da Landan, kuma ana ɗaukarsa a matsayin cocin itace mafi tsufa da ya rage a duniya, har yau ana ibada a ciki. Yadda aka yi bangon shi ne, an sami gungumen wani icce mai tauri da suke kira ok, aka tsaga kowanne gida biyu, aka jera su a tsaye kafaɗa da kafaɗa, gefen da aka tsaga yana kallon ciki, ƙusumbin yana kallon waje, aka zura siririn katako tsakaninsu don iska da ruwa kada su shiga. Bari in maimaita don masu rubutawa, gungume ne rabi-rabi a tsaye, ba katako aka kwantar aka buga da ƙusa ba.

Na tuntuɓi wani malamin tarihin gine-gine kan maganar garar, ga abin da ya ce:

"Ai ka ga malam, kafin a zo nan sai an san shekarun ginin tukuna. Da can mutane sun yi ta cewa tun shekarar 845 aka yi shi, toh amma da aka ƙirga zoben da ke cikin iccen, don kowace shekara icce na ƙara zobe ɗaya, sai aka ga an sare su ne bayan 1060, wajajen zamanin da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066. Sannan akwai labarin da ake bayarwa wai a 1013 an kwana da gawar Sarki Edmund, wani tsohon sarkin gabashin Ingila da Kiristoci ke ɗauka waliyyi, a wurin, ana kan hanyar mai da ita makwancinta daga Landan. In ma hakan ta faru toh a wani ginin da ya riga wannan ne. Kuma fa ba duka cocin ne itace ba, ɓangaren gabas jan bulo ne na wajajen 1500, hasumiyar ma daga baya ta zo..."

Mun gode Dakta, sai dai garar da muka aike ka ba ka kawo mana ita ba, toh bari in ƙarasa. Ingila ƙasar sanyi ce, ba su da gara irin tamu. Abokin gabar itace a can danshi ne, da wasu ƙwari masu huda shi. Kuma danshin ya yi ɓarna sosai, don a 1848 gindin gungumen duk ya ruɓe, sai da aka sauke su aka yanke ruɓaɓɓen, aka gina ɗan gajeren bangon bulo aka sake ɗora su a kai yadda ba za su taɓa ƙasa ba. Rufin ma an canza shi. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin azara ya san zancen, muddin ba ka bari ruwa ya zauna mata ba sai ta ga jikokinka. Ni a ganina waɗanda suka yi gyaran 1848 ɗin nan sun cancanci yabo ko da wasu na ƙorafin sun taɓa asalin ginin, don da sun naɗe hannu da yau babu abin da za mu zauna muna magana a kai. Malam na Gusau, ka ji ko? Muna jiran saƙonka.

Wata Hajiya daga Yamai na tambaya wa ke biyan kuɗin irin wannan gini a ƙauye? Ranki ya daɗe, a da can manoma ne. A wancan zamanin suna ba coci kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, kuma a al'adarsu gyaran ɓangaren da jama'a ke taruwa yana wuyan mutanen gari, na gabas kuma yana wuyan limamin.

Ta ƙarshe daga wani ɗan ƙungiyar ƙwadago a Kaduna, wai da gaske ne cocin Greensted na da alaƙa da tarihin ƙungiyoyin ƙwadago? Eh ka ji daidai, wasu daga cikin leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle a kudancin Ingila da aka kora zuwa Ostareliya a 1834 saboda rantsuwar sirri ta shiga ƙungiyar ƙwadago sun zauna a yankin bayan an yi musu afuwa, ɗayansu James Brine a cocin nan aka ɗaura masa aure a 1839.

Ana ta yi mini nuni da agogo. Sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.