Oga ya matsa min, in bar aikin ko in yi shiru?

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma Anti na nan, Barista ma ta iso duk da ta shanya mu. Saƙo ne ya shigo daga wata 'yar'uwa, ta ce kar a faɗi sunanta. Tana aiki a wani kamfani a Kano, ogansu kullum sai ya zage ta gaban kwastomomi, wai ba ta da kai, amma da dare ya yi sai ga saƙo a WhatsApp, wai ya gajiya, me kika saka, ki tsaya bayan an tashi akwai magana. Da ta ƙi tsayawa, washegari sai ga kwiri, wato takardar tuhuma ta ofis, wai ta makara. Tambayarta ɗaya ce, ta bar aikin ko ta yi haƙuri?

Anti: Innalillahi. Toh ni dai na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma na san abin da za a ce mata a gida, ki yi haƙuri aiki wuya yake, ga ƙannenki, ga kuɗin haya, kuma wallahi ba ƙarya suka yi ba, yanzu buhun shinkafa ma kaɗai ya isa ya sa mutum ya haɗiye magana. Amma haƙurin nan da muke ta cewa, mu mata shi muka yi ta yi a zamaninmu kuma ban ga ogan da ya shiryu saboda an yi masa shiru ba, sai dai ya gama da ke ya koma kan sabuwar da aka ɗauka.

Barista: Anti ni ba zan ce mata bari ba, ba zan ce zauna ba. Abin da zan ce, kar ta yi ko ɗaya cikin fushi. Ta fara tara hujja tukuna. Matsalar da muke samu kenan, mace ta zo tana kuka, ka ce ina saƙonnin, ta ce ai na goge saboda kar mijina ya gani, ko kuma haushi ya sa na yi bulokin ɗinsa na share komai.

Auta: Kai, wannan na mijin fa gaskiya ne Barista.

Barista: Sosai ma. Shi ya sa nake cewa ta ɗauki hoton saƙon tun kafin ya goge, don kun san WhatsApp ana iya gogewa daga ɓangaren biyu, kuma hoton ya nuna lambarsa da ranar, ba sunan da ta yi masa sebin da shi ba. Ta tura wa kanta a imel nata na kanta, ba na ofis ba, domin ranar da aka sallame ki a ranar ake rufe na ofis. Sannan ta samu ɗan littafi, ranar kaza ƙarfe kaza ya ce min kaza, wance na wurin. Kuma ko sau ɗaya ta ba shi amsa a rubuce, cikin ladabi, Yallabai don Allah maganar aiki kawai, ba na son irin wannan saƙon. Layi ɗayan nan yana da nauyi, gobe ba zai ce ai da yardarta ba.

Anti: Kwirin kuma ta amsa, kar ta ce ƙarya ce ba zan kula ba. Ta rubuta amsa kofi biyu, a buga mata hatimin an karɓa a ɗaya ta tafi da shi gida. Mu a ma'aikata mun san abin da ba ya cikin fayil tamkar bai faru ba ne, kuma mugun oga da fayil yake kashe mutum, kwiri ɗaya, biyu, uku, sai a ce ai da ma ba ta da ɗa'a.

Auta: To amma Anti kin san mutanenmu, tana buɗe baki za a ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, me ya kai ta yi masa dariya, wace irin shiga take yi.

Anti: Auta kar ka ɓata min rai da yamman nan. Na ga wadda hijabinta har ƙasa aka matsa mata, na ga matar aure mai 'ya'ya biyar. Wanda albashinki da ƙarin girmanki ke hannunsa, in ya yi wasa kika yi murmushi tsoro ne, ba so ba ne.

Auta: A'a ni faɗa na yi yadda ake faɗa, ba ra'ayina ba ne! Barista doka fa, akwai ta ko dai surutu ne?

Barista: Akwai. Gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C, ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafi irin wannan a wurin aiki, kuma tana da reshe a Kano da Kaduna, ba sai an je Abuja ba. A 2013 kotun ta yanke hukunci a Legas a ƙarar wata mata da ta yi aiki da Microsoft Najeriya, ta ƙi amincewa da shugaban wurin aka sallame ta, kotu ta ba ta diyya ta miliyoyin naira, kuma ba shi kaɗai aka kama da laifi ba har kamfanin. Wannan ne abin da nake so masu kamfani su ji. Sannan akwai dokar VAPP ta 2015, wato dokar haramta cin zarafin mutane, sai dai ita Abuja ta shafa kai tsaye, jiha sai ta amince da tata, don haka kowa ya bincika tasa jihar. Najeriya kuma ta rattaba hannu a 2022 kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haɗa har da zagi da wulaƙanci, ba maganar neman mata kawai ba.

Auta: Yauwa, nan nake jira, don mu maza ma muna shan namu. Akwai abokina, ogansa ba ya kiransa da suna sai kai jaki, a aike shi cefanen madam, a riƙe masa albashi wata biyu, in ya yi magana a ce ƙofa a buɗe take. Ko takardar ɗaukar aiki ba shi da ita.

Barista: Alat ɗin banki na albashi hujja ne, katin aiki hujja ne, saƙon da ake ba shi umarni hujja ne. Kuma ba komai ne sai kotu ba, kotu akwai jira akwai kashe kuɗi, ba zan ɓoye maku ba. A fara da takarda zuwa ga wanda ke sama da ogan, ko yuniyan in akwai. In an yi burus, ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, kyauta ake kai ƙorafi, mata kuma ga FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi.

Anti: In kuma ogan shi ne mai kamfanin gaba ɗaya fa? Sama da shi sai Allah.

Barista: Toh nan kam ta fara neman wani aikin a ɓoye tana tara takardunta, kuma kar ta sa hannu a takardar ajiye aiki da wani ya rubuta mata sai lauya ya gani. Amma in ya kai ga taɓa jiki ko rufe ƙofa, wannan ba maganar jira ba ce, ta fita a ranar, ta faɗa wa wani nata, a kai rahoto.

Anti: Kuma tun yau kar ta sake shiga ofishinsa ita kaɗai bayan an tashi, ta ja wata su shiga tare ko ta tsaya daga bakin ƙofa.

Auta: 'Yar'uwa kin ji dai, ki sake turo mana saƙo ki faɗa mana shi ne mai wurin ko akwai na sama da shi, sai Barista ta san ta inda za a fara. Lokaci ya cinye mu, ga kiran magariba can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.