Da Wa Ka Gudu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Makon jiya na halarci taron wata ƙungiyar Hausawa a wata unguwa ta birnin Wad Madani, nan ƙasar Sudan, na kuma taso raina a ɓace. Wani dattijo ne ya iso cikin babbar riga yana ƙamshin turare, ya zarce kujerar gaba, ya ce a miƙo masa littafin ƙungiya da hatimi, wai ai har gobe shi ne shugaba. Mutumin da tun Disamban 2023, da dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka shiga garin, ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Sojoji suka karɓe garin a Janairun 2025, bai motsa ba. Sai da ƙura ta lafa sarai ya tuna yana da jama'a.

Na san abin da za a ce: rai ba a wasa da shi, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, to wa zai ga laifin wanda ya tsira da iyalinsa? Ba wanda ya ga laifin gudu. Mu da hijira ce ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu ƙasar nan? Tambayata ɗaya ce: da wa ka gudu?

Sarkin Musulmi Attahiru ma ya bar Sakkwato a 1903 da Turawan Ingila suka ci ta. Amma da jama'a ya fita, a cikinsu kuma ya faɗi a Burmi cikin watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar zuwa gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Bai yi gaba ya ce su same shi in hanya ta yi kyau ba.

A bayan taron nan, a bakin ƙofa, akwai wata baiwar Allah zaune a tabarma. Ita ta riƙe takiyyar unguwar, wato tukunyar gayya da marasa hali ke ci daga gare ta. Na ga hannunta, duk tabon ƙuna. Da asuba take hura itace ta ɗora adas, wani irin ƙananan wake, yara su jera kwanuka a ƙasa tun kafin ya nuna. Ɗan abin da 'ya'yan unguwa ke turowa daga Saudiyya ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, da shi take cefane, ranar da layi ya ɗauke ta ci bashi da sunanta. Ba ta da hatimi. Ba wanda ya taɓa ce mata ranki ya daɗe.

Wataƙila dattijon nan ya yi wani alheri a ɓoye daga can inda yake, Allah ne masani. Amma haba jama'a! Sama da shekara guda ba kiran waya, ba ta'aziyya, ba ko buhun gero ɗaya, sannan ka dawo neman kujera? Ana ga wuta kana ga kujera? Da wa ka gudu, Alhaji, wa kuma ka waiwaya?

Can wani saurayi ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Baba, mutum nawa muka binne a unguwar nan bayan tafiyarka?" Dattijo ya gyara hula, ya yi gyaran murya, sannan ya juya bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, nawa ne?"