Ragowar da ke Ɓoye a Bayan Ɗigo

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi allo. An raba cikakkiyar lamba x da wata cikakkiyar lamba y, aka samu 18.35. Cikin 10, 15, 24, 42 da 50, wacce ce za ta iya zama ragowar wannan rabo?

Irin wannan tambaya sananniya ce ga masu shirin GMAT, jarrabawar neman gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci. Sashen lissafinta tambaya 21 ne cikin minti 45, kuma ba a taɓa kalkuleta. Kowace tambaya minti biyu ke nan da 'yan kai, babu lokacin lalube.

Da yawa suna ganin 18.35 sai su ce ragowar 35 ce. Su leƙa zaɓi, babu 35, hankali ya tashi.

Mu ajiye x da y tukuna. A ce dabino 367 za a raba wa mutum 20. Kowa ya samu 18, guda 7 suka rage a faranti. Ragowa ke nan. To idan aka ce waɗannan bakwai ɗin ma sai an gutsuttsura an raba, kowa zai ƙaru da kashi 7 cikin 20 na dabino ɗaya, wato 0.35. Kun gani? Abin da ke bayan ɗigo ba shi ne ragowar ba. Ragowar ce bayan an raba ta da adadin masu karɓa.

Saboda haka ku manta da 18, ba ta da aiki a nan. Ku ɗauki 0.35 ku mayar da ita 35 bisa 100, sannan ku rage ta har ƙarshe. Biyar na shiga sama da ƙasa, sai ta koma 7 bisa 20. Wannan ragewar ita ce zuciyar aikin, kuma a nan na fi son ku natsu. Wanda ya tsaya a 35 bisa 100 zai ɗauka ninkin 35 kaɗai ake nema: 35, 70, 105, ya rasa amsa alhali tana gabansa.

Tunda 7 da 20 ba su da wata lamba da ke shiga dukkansu sai 1, dole ragowar ta zama ninkin 7, y kuma ninkin 20, suna hawa tare. Ragowa 7, y 20. Ragowa 14, y 40. Ita ma 35 tana yiwuwa idan y 100 ce, sai dai ɗaya ce cikin masu yawa.

Mu koma zaɓi. Bakwai ba ta shiga 10, 15, 24 ko 50. Tana shiga 42 sau shida. Mu gwada: 20 sau 6 ya ba da 120, wato y. 18 sau 120 ya ba da 2160, a ƙara 42, ya zama 2202, wato x. Ku raba 2202 da 120, 18.35 cif.

A kula, dabarar tana aiki ne idan lambar bayan ɗigo ta ƙare daidai. In an ce "kimanin", an yanke ta ne, kada ku dogara da ita.

Ga naku: x raba y ya ba da 9.24. Wacce ce ragowa mafi ƙanƙanta? Ku dakata a nan, ku fara da 24 bisa 100.