Ruwan Brighton da Butar da Ta Yi Fari

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Ni da Malam Sani muna nan Sakkwato, Anti Rabi kuma tana kan layi daga Brighton, garin da ke bakin teku a kudancin Ingila. Anti, hoton butar shayin da kika turo mana ne ya jawo shirin yau. Me ya same ta?

Rabi: Wa alaikumus salam. Bilkisu, butar nan wata uku kacal ta yi a hannuna. Na leƙa cikinta na tarar gindinta ya yi fari fat, abin ya daskare kamar an shafe ta da siminti. Ranar da na fara ganin ɓarɓashinsa a ƙasan kofi, zubar da shayin na yi, na je na sayo ruwan roba. A raina na ce ai ga teku nan a ƙofar gida, gishirinsa ne ya shigo famfo.

Bilkisu: Ni ma da na ga hoton abin da na ɗauka ke nan.

Sani: To, tekun ba shi da laifi. Hajiya, da kika sha ruwan kin ji gishiri a harshenki?

Rabi: A'a Malam. Ya dai fi na gida nauyi a baki, amma babu gishiri.

Sani: Yauwa. Wanda gishiri ya taɓa shi ne ruwan zartsi, harshe ma ya ishe ka gane shi. Naki alli ne. Tuddan da ke bayan garinku, waɗanda ake kira South Downs, dutsen alli ne zalla.

Rabi: Haka ne. In ka yi gabas kaɗan, tsakanin Seaford da Eastbourne, za ka ga gaɓar teku a tsaye fara tas.

Sani: Wannan dutsen dai shi ne a ƙarƙashin ƙafarki. Ruwan sama kan ɗauko iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya ɗan yi tsami. In ya nutse cikin allin, yana tafiya yana narkar da shi kaɗan-kaɗan, yana kwasar sinadarin kalsiyam. Daga rijiyoyin da aka haƙa cikin wannan dutse ake jawo ruwan garin. Masana kan auna yawan allin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa: ƙasa da miligiram 60 ruwa ne mai laushi, abin da ya haura 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Na Brighton ya wuce 200.

Bilkisu: Amma Malam, in yana cikin ruwan tun farko, me ya sa ba a ganinsa sai a buta?

Sani: Zafi ne ke tona shi. Da ruwan ya tafasa, iskar nan da ta riƙe allin a narke sai ta gudu, shi kuma ya koma dutsensa ya manne a ƙarfe. Shi ya sa duk inda ake dafa ruwa nan ya fi taruwa.

Rabi: Ai kuwa na shaida. Kan shawa ramukansa sun toshe, ruwa na fita ta gefe. Dutsen guga ya tofa min fari a kan baƙar abaya. Wanda ya fi ci min rai shi ne tukunyar ɗumama ruwan gida, don mai gyara ya nuna min ƙarfen cikinta ya yi ɓawo, ya ce dole ta daɗe tana aiki kafin ruwa ya yi zafi. Ga kuɗin wuta da gas a ƙasar nan ba wasa ba.

Bilkisu: Ni zancen sabulu nake so ki yi, don shi ne mata za su fi ganewa.

Rabi: Hmm! Sabulun salo na taho da shi daga gida, wanda ɗan kaɗan ke cika soso da kumfa. A nan sai in yi ta cuɗawa, kumfar ta mutu nan take, a bar ni da wani dauɗa-dauɗa a jikin baho. Tawul in ya bushe sai ya yi tauri. Gashin 'yata kuwa, ranar kitso sai an sha kuka, ya bushe ya cukurkuɗe.

Sani: Kalsiyam ɗin ne ke kama sabulun ya mai da shi wannan dauɗar, sai ya gama cinye rabonsa sannan ragowar ta yi kumfa. Garin wanki na kanti ya fi jurewa, duk da haka in kika duba bayan kwalin za ki ga an ƙara ma'auni ga masu irin ruwanku. Kuma mu nan ba baƙon abu ba ne. Dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ɗan'uwan allin nan ne, rijiyar da ta ratsa irinsa haka ruwanta yake. Tsofaffinmu sun daɗe suna cewa rijiya kaza ba ta wanki, su tari ruwan sama don shi.

Bilkisu: Kakata ma takan ce akwai ruwan da ba ya dafa wake.

Sani: Gaskiyarta. Kalsiyam na ƙara wa ƙwayar wake tauri, kanwa kuma na sassauta ta. Ba a banza ake jefa ta a tukunya ba.

Rabi: Wallahi yanzu na gane. Waken da nake dafawa a Manchester, lokacin ina karatu, bai taɓa ba ni wahala haka ba.

Sani: Su ruwansu daga tafkunan yankin Lake District da ke arewa maso yammacin Ingila ake kawo shi, inda dutsen ba ya narkewa, shi ya sa yake da laushi.

Bilkisu: To babbar tambaya, Malam: a sha ko kada a sha? Don Anti ta koma ruwan roba.

Sani: Ta sha abinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa nauyin ruwa iyaka saboda lafiya ba, kalsiyam ɗin ma jiki na buƙatarsa. Inda ake da magana shi ne fata, don an lura ƙaiƙayin fatar yara ya fi yawa a yankunan da ke da irin ruwan. Sai dai a wani gwaji da aka yi a Ingila kan yara 336, aka fitar da sakamakonsa a 2011, sa na'urar laushin ruwa a gida bai rage musu ciwon ba.

Rabi: Ita na'urar nake ta tara wa kuɗi, saboda yarinyar.

Sani: In don tukunya da injin wanki ne, tana aiki sosai. Amma da gishiri take musanya allin, don haka a bar famfon kicin ɗaya da bai bi ta cikinta ba, musamman inda ake haɗa wa jariri madara. Fatar yarinya kuwa a rage sabulu, a shafe ta da man kaɗe tun jikin da danshi, in abin ya ƙi a kai ta ga likita.

Bilkisu: Butar fa? A jefar?

Sani: Haba, a'a. A zuba ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ko a matse lemon tsami biyu, a tafasa, a bar shi kamar awa guda. Za a ji yana 'yar ƙara, allin ne ke narkewa. A ɗauraye sosai. Kan shawa kuma a kwance shi a jiƙa ya kwana. Kada dai a kuskura a haɗa ruwan khal da bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Rabi: Akwai lemon tsami huɗu a firij. Bari in ɗora yanzu, in ta fita zan turo muku hoton.

Bilkisu: Muna jira, Anti. A gaida yara. Masu sauraro, wanda rijiyar unguwarsu ba ta kumfa ya aiko mana da sunan garin, Malam zai duba irin dutsen da ke wurin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.