Kiredit ɗin Amurka ba irin na WAEC ba ne: yadda 'ya'yan sojojin Amurka ke karatun sakandare ta intanet

[Hoto: akwatuna jibge a ƙofar gida, motar ɗaukar kaya tana jira.]

Assalamu alaikum, masu kallo. A 'yan kwanakin nan tambaya ɗaya ta yi ta maimaituwa a cikin saƙonnin da kuke aiko mana, kuma da yawa daga cikin masu yin ta iyalan sojoji ne. Suna so su sani ko gaskiya ne Amurka tana da makarantar sakandare ta intanet wadda 'ya'yan sojoji ke karatu a cikinta kyauta, kuma idan haka ne, ko yaron da ke zaune a barikin Jaji ko na Bukavu zai iya shiga. Makarantar dai tana nan, amma ta 'ya'yan sojojin Amurka ce da na wasu ma'aikatan Ma'aikatar Tsaron ƙasar, saboda haka duk wanda ya nemi kuɗi a hannunku da sunan zai sama wa yaronku gurbi a cikinta, ku riƙe kuɗinku. Wannan bayani zai fi amfanar 'yan'uwanmu da ke aikin soja a Amurka, waɗanda 'ya'yansu suka kai matakin sakandare, domin akwai kalma ɗaya, wato kiredit, da suke ji daga bakin malaman makaranta suna fahimtar ta da ma'anar gida, alhali a can ma'anarta daban ce.

[Hoto: taswirar duniya, ɗigo-ɗigo na bayyana a Turai da gabashin Asiya.]

Hukumar da ke kula da wannan harka sunanta DoDEA, wato sashen ilimi na Ma'aikatar Tsaron Amurka. Asalin makarantunta na ƙasashen waje ya samo tushe ne tun 1946, lokacin da aka fara barin iyalan sojoji su bi mazajensu zuwa Jamus da Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A yau tana da makarantu kimanin 160, da ɗalibai sama da 60,000, a Amurka da Turai da yankin tekun Pasifik. Kowane ɗigo da kuke gani a nan makaranta ce. Wasu manya ne, kamar ta Ramstein a Jamus, wasu kuwa ƙanana ne ƙwarai, kamar ta sansanin Guantanamo a Kuba, inda ba zai yiwu a ajiye malami na musamman domin kowane darasi ba. A 2010 hukumar ta kafa makarantar sakandarenta ta intanet, domin 'yan aji 9 zuwa aji 12, wato shekara 4 na ƙarshen sakandare a tsarinsu, tare da malamai da ke zaune a Amurka da Jamus da gabashin Asiya, saboda duk inda yaro yake a samu malamin da idonsa biyu a lokacin karatunsa.

Dalilin kafa ta yana cikin waɗancan akwatunan da muka fara nunawa. Sojan Amurka yakan samu canjin wurin aiki duk bayan shekara 2 ko 3, kuma ƙiyasin da aka saba ambatawa shi ne ɗan soja yakan canja makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya gama sakandare. Wanda ya tashi a bariki ya san wannan rayuwa ba sai an ba shi labari ba.

[Hoto: takardar sakamakon WAEC a hagu, takardar bayanan karatu ta Amurka a dama.]

Yanzu mun iso wurin da ruɗanin yake, kuma a nan za mu ɗan jima.

A Nijeriya, idan aka ce yaro ya samu kiredit, ana nufin ya ci darasi da maki mai kyau, daga C6 zuwa sama, a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma abin da kowane uba ke fata shi ne kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Jarrabawar guda ɗaya ce, ana yin ta a ƙarshe, manhajarta kuma ɗaya ce a ko'ina. Shi ya sa idan aka ɗauke soja daga Kaduna aka kai shi Enugu ɗansa yana aji biyu na babbar sakandare, yaron zai sha wahalar sabon wuri, amma takardar da zai zauna ya rubuta a ƙarshe ba ta canja ba. Haka abin yake a Nijar game da jarrabawar Bak.

A Amurka babu irin wannan jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya da ke ba yaro shaidar gama sakandare. Kiredit a wurinsu ma'auni ne na karatun da aka kammala, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Yaron da ya yi darasi ɗaya na tsawon shekara guda, ya kuma ci, ya samu kiredit 1. Wanda ya yi rabin shekara ya samu rabin kiredit. Tushen wannan lissafi wani ma'auni ne da aka fito da shi tun 1906, wanda ya ƙiyasta kiredit guda da kimanin awa 120 na zama a gaban malami. Yaro yana tara su ne sannu a hankali cikin shekara 4, ana rubuta kowanne a takardar bayanan karatunsa, kuma wannan takarda ita ce ke binsa duk inda aka kai mahaifinsa. Idan ya cika adadin da ake bukata, a darussan da ake bukata, sai a ba shi shaidar kammalawa.

Wane ne ke faɗin adadin? Kusan kowace jiha da nata. Jihar Florida da ta Hawaii suna neman kiredit 24. Jihar Virginia tana neman 22 domin shaida ta gama-gari, da 26 domin babbar shaida. Makarantun DoDEA kuwa 26 suke nema. Kuma ba adadin ne kawai ya bambanta ba, har da irin darussan, domin a Hawaii, alal misali, akwai darasin tarihin Hawaii na zamani da ake bukata, wanda ba za a same shi a makarantar wata jiha ba.

[Hoto: zanen jadawalin darussa biyu, ɗaya na shekara, ɗaya na rabin shekara.]

Mu ƙaddara ga wata yarinya 'yar aji 11. Ta fara ilimin sinadarai a watan Agusta, a makarantar da ke shimfiɗa darasin a kan shekara guda, sai takardar canjin wurin aiki ta zo wa mahaifinta a watan Disamba. Tana da rabin kiredit a hannu. Ta isa sabuwar makaranta a Janairu, ta tarar su tsarinsu daban ne: sukan ɗauki darussa kaɗan, su tsawaita lokacin kowanne, su gama shi cikin rabin shekara, kuma sun riga sun gama ilimin sinadarai tun kafin ta sauka daga jirgi. Yarinyar ba ta faɗi wata jarrabawa ba, ba ta yi wasa da karatu ba, amma ga ta da rabin abu wanda babu ajin da za ta shiga ta cike shi. Ko kuma a ce ta yi shekara guda tana koyon Faransanci, aka kai su ƙaramar makaranta wadda ba ta da malamin Faransanci, alhali ƙa'idar DoDEA ita ce kiredit 2 a harshe ɗaya, ba a haɗa wannan da wancan.

Irin wannan giɓi ne darasin intanet ke cikewa. Mutane da yawa suna zaton yaran suna zaune ne a ɗaki daga safe har yamma suna kallon kwamfuta, sun rabu da makaranta kwata-kwata. Akwai masu yin dukkan karatunsu a can, amma mafi yawa suna zuwa makarantarsu ta yau da kullum, sai dai a cikin jadawalinsu akwai lokaci guda da aka ware, inda za su zauna a wani ɗaki, ƙarƙashin kulawar wani ma'aikacin makarantar, su yi darasi ɗaya ko biyu da malamin da ke wata nahiyar. Malamin ne ke ba da aiki, shi ke dubawa, shi ke ba da maki, kuma akwai ranar da dole a miƙa kowane aiki. Ta wannan hanya ɗalibin ƙaramar makaranta kan samu har manyan darussan da ake kira AP, waɗanda ake jarrabawarsu a watan Mayu, ake ba da maki daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama ke la'akari da su.

Sai dai kada mai kallo ya ɗauka cewa duk darasin da aka yi ta intanet yana zama kiredit. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin iyaye da lokacin yara. Kiredit ba ya tabbata sai makarantar da za ta ba da shaidar kammalawa ta yarda ta rubuta shi a takardar yaron, ta kuma lissafa shi a gurbin da ake bukata. Makarantar intanet ta DoDEA tana da amincewar hukumar tantance makarantu, kuma idan yaro ɗalibin DoDEA ne, makinsa yana shiga takardarsa kai tsaye, tunda gida ɗaya ne. Amma intanet cike take da kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da darussan sakandare, wasu an tantance su, wasu ba a tantance ba. Uba zai iya biya, yaro ya yi wata huɗu yana fama, ya kawo takarda mai kyawun ado, mai ba ɗalibai shawara ya duba ya ce makarantarsu ba ta san wannan wurin ba. Wani lokacin ma a karɓi kiredit ɗin, amma a jefa shi cikin darussan zaɓi, gurbin lissafin da aka yi wahalar dominsa ya ci gaba da zama fanko. A ganina, babu abin da ya kai wannan ciwo a duk harkar, domin yaron ya riga ya rabu da abokansa da unguwarsa ba da son ransa ba, sannan a ce masa ƙoƙarin da ya yi na cike giɓin ma bai shiga lissafi ba.

Saboda haka, kafin yaro ya buɗe darasin farko, a je wurin mai ba ɗalibai shawara na makarantar da yake a yanzu, a nuna masa sunan darasin da sunan masu koyar da shi, a tambaye shi ko za a karɓa, kuma a gurbin wane darasi za a sa shi, sannan a nemi amsar a rubuce. Idan magana ta cije, sansanonin soja suna da jami'in da aikinsa shi ne shiga tsakanin iyalai da makarantun yankin, kuma ba a biyan sa ko sisi.

[Hoto: taswirar jihohin Amurka, suna canja launi ɗaya bayan ɗaya.]

Sauran bayanan za mu bi su da sauri. Yawancin 'ya'yan sojojin da ke cikin Amurka ba makarantun DoDEA suke zuwa ba, makarantun gwamnati na garin da suke zaune suke zuwa, kuma da can ba su da damar shiga wannan makaranta ta intanet. Dokar kasafin tsaro ta 2021 ta buɗe wata ƙofa ta gwaji ga wasu daga cikinsu, da sharaɗin kada ɗalibi ya wuce darasi 2 a shekara. Iyalan da aka tura ƙasar da babu makarantar DoDEA, kamar masu aiki a ofisoshin jakadanci, suna da wani shiri nasu na daban, kuma ta nan ya kamata su fara tambaya. Akwai kuma darussan hutun bazara domin wanda ya rasa wani kiredit.

Akwai wata yarjejeniya tsakanin jihohi game da karatun 'ya'yan sojoji, wadda aka fara sa wa hannu a 2008, kuma zuwa 2014 dukkan jihohi 50 da birnin Washington sun shiga. Ta ce sabuwar makaranta ta karɓi yaro da kwafin takardun da iyayensa suka riƙo, tsohuwar kuma ta aiko da na asali cikin kwana 10 bayan an nema. Ta ce idan yaro ya yi darasi makamancin wanda ake bukata, a ɗauke masa, ko kuma a faɗi dalilin ƙin ɗaukewa. Ku lura dai, makarantun gwamnati yarjejeniyar ta shafa, ba ta tilasta wa kowa karɓar takardar wani kamfanin intanet ba.

Sashen yarjejeniyar da na fi so iyaye su riƙe shi ne na 'yan ajin ƙarshe. Idan aka ɗauke iyali yaro yana aji 12, aka duba duk hanyoyi aka ga ba zai iya cika sharuɗɗan sabuwar jihar ba, to makarantun biyu za su haɗa kai, ya ƙarasa karatunsa a sabon wuri, tsohuwar makarantar ta ba shi shaidar kammalawa, muddin ya cika nata sharuɗɗan. A irin wannan hali ne darasi guda na intanet kan zama abin da ya rage tsakanin yaro da ranar bikin yayensa, kuma a nan ma makarantar da za ta sa hannu a shaidar ita ce za a fara tambaya, tun kafin a ɗora akwatunan a mota.